Baƙin Mai da Ɗuminsa Ake Juye Shi: Martani ga Mai Shawarar Juyen Sanyi

Kwanakin baya wani marubuci da ya saba yi wa masu mota nasiha ya fito da shawarar da ta yi wa mutane da yawa daɗin ji. Ya ce abin da masu juye suke yi a bakin titi, su kwance notin baƙin mai inji yana huci, kuskure ne da aka gada. A ganinsa mai mota ya ajiye motarsa ta kwana, da sassafe kafin a murza makulli a kwance noti, a bar mai ya tsiyaye a tsanake. Dalilinsa shi ne dare guda ya isa duk man da ya maƙale a saman inji ya gangaro ƙasa, ga shi ƙasar nan ta zafi ce, mai ba ya daskarewa kamar yadda yake yi a Turai. Ya ƙara da cewa man zamani yana riƙe da dattinsa a jikinsa, da zafi ko da sanyi, kuma juyen sanyi zai tsirar da hannun yaron gareji daga ƙuna, ya tsirar da zaren noti daga lalacewa.

Tausayin da ya nuna wa yaron gareji a kan hanya yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa da kyau. Amma ita shawarar, idan aka ɗauke ta aka kai garejin Kano ko na Gusau ko na Maraɗi, za ta bar wa inji ainihin abin da aka je fitarwa. Irin man da aka fi zubawa a wannan yanki, da irin injinan da ake zuba wa, da ƙurar da suke shaƙa, duk ba su shiga lissafinsa ba.

Hujjarsa da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta gangarowar mai. Littafin da ke zuwa tare da mota ya riga ya amsa ta, a shafin da yake koyar da duba geji. Toyota tana gaya wa mai mota ya ɗumama inji, ya kashe, ya jira sama da minti biyar don mai ya koma ƙasa, sannan ya zaro geji. Honda kimanin minti uku take cewa. Kamfanin da ya ƙera inji ba zai amince da abin da geji ya nuna bayan 'yan mintoci ba, da a ce wani kaso mai yawa na man yana rataye a sama yana jiran dare. Mai mai zafi tsinkakke ne, nan da nan yake bin ramukansa ya sauko cikin kaskon ƙasan inji, wanda kanikawa ke ce wa botom filet. Abin da kwana yake ƙarawa a kan haka ɗan kaɗan ne.

Wanda bai sauko a waɗannan mintoci ba kuwa, yawancinsa ba mai saukowa ba ne ko da motar za ta yi mako a ajiye. Yana cikin famfon mai, da ƙananan hanyoyin da aka huda a cikin ƙarfen inji, da ƴan kwarurrukan saman silinda, da cikin filta, wadda aka sa mata wani bawul na roba takanas don ya hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. Misali a kusa: Honda Accord mai silinda huɗu ta 2003, wadda 'yan kasuwar mota ke kira EOD, littafinta ya ce injinta yana ɗaukar lita 5.3 idan sabon haɗi ne, amma a juye tare da canjin filta lita 4.2 ake zubawa. Sama da lita guda ke nan ta tsohon mai da ke zaune a ciki a kowane juye. Ita dai wannan litar ba yadda za a yi da ita. Abin da ke hannun mai juye shi ne kada ya ƙara mata wani tsohon man a kai, balle mafi ƙazantarsa. Kuma matakin farko da wannan littafin ya rubuta a tsarin juye shi ne a tayar da inji har ya kai zafinsa na aiki, sannan a kashe.

Maganar zafin ƙasa ita ce ta fi yaudarar mai karatu, domin kowa ya san zafin Afrilu a jikinsa. Sai dai zafin da ke sa mutum gumi ba shi ne zafin da ke tsinka baƙin mai ba. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50 da 5W-30, rabe-raben kauri ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, kuma kamfanonin mai suna auna kaurin kowane mai a digiri 40 da digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, su buga a takardar bayaninsa. Ma'aunin sunansa santistok, kuma ruwan sha yana kan 1. Man 20W-50 a digiri 100, wato kusan zafin da yake aiki a cikin inji, bai fi 18 ko 19 ba. A digiri 40 ya kai wajen 160. Idan aka bi lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi aka sauko ƙasa, a digiri 25 ya doshi 400, a digiri 15 ya haura 700. A digiri 60 kuwa kimanin 70 ne kacal.

To, wane lokaci marubucin ya zaɓa? Sassafe, lokacin da ya fi kowane lokaci sanyi a yini. Ko a tsakiyar bazara, asubar Kano tana sauka wajen digiri 25. A Disamba da Janairu kuwa, safiyar Kano da Katsina da Damagaram takan sauka zuwa digiri 13 ko kusa da haka, ta Jos ma ta fi. Duk matar da ta taɓa ƙoƙarin zazzago manja daga kwalba da safiyar hunturu ta san dalilin da yake sa a fara ajiye kwalbar a rana. Man da ya ninka kauri sau goma yana buƙatar lokaci ninki goma kafin ya saki jikin ƙarfe yadda mai ɗumi zai saki. Tsiyayar minti goma da ɗumi ta koma ta sama da awa ɗaya da rabi da sanyi. Babu mai juyen da zai tsaya haka, ga motoci a layi, kuma babu mai motar da zai yarda. Abin da zai faru shi ne da zarar zubar ta koma siririya za a mayar da noti, alhali ƙasan kaskon yana shafe da mai kauri.

A nan ne ya kamata a tambayi wane mai marubucin yake nufi da man zamani. Idan 0W-20 ne, wanda sababbin motocin Japan ke sha, kaurinsa a digiri 40 bai wuce 45 ba, kuma gaskiya ne ko da sanyi yana gudu. Amma wanda ya zagaya shagunan Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san abin da ya cika kantoci: 20W-50 da SAE 40 da 15W-40. Su ake zuba wa tsofaffin Golf da Sharon da Hiace da ke jigila, su kanikawa ke ba da shawara da zarar inji ya fara shan mai. Shawarar da za ta iya wucewa a kan sabuwar mota mai tsinkakken mai, an ɗauko ta an shimfiɗa wa mutanen da galibinsu mai kauri suke zubawa a injin da ya shekara ashirin yana aiki.

Akwai abin da ya fi yawan man da ya rage muhimmanci, shi ne abin da ke cikin wanda ya rage ɗin. Marubucin ya yi gaskiya rabi da ya ce mai yana riƙe da datti. Ana haɗa baƙin mai da sinadaran da ke kewaye ƙwayoyin baƙin hayaƙi su hana su curewa, kuma waɗannan ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, ba su kai maikuron ɗaya ba, don haka ko mai ya kwana suna nan a rataye. Su ne ke sa mai ya yi baƙi. Amma ba su kaɗai ne datti ba. Akwai garin ƙarfen da ringi da silinda da karanshaf ke saki, akwai yashin da ya tsallake filtar iska. Waɗannan suna da nauyi, kuma babu sinadarin da zai hana su nitsewa. Tun 1851 masanin lissafi George Stokes ya fitar da ƙa'idar yadda ƙwaya ke nitsewa a cikin ruwa-ruwa: girmanta da nauyinta suna ƙara mata sauri, kaurin ruwan yana rage mata. Idan aka ɗora ƙa'idar a kan ƙwayar ƙarfe mai maikuron 20, wadda ba ta kai sulusin kaurin gashin kai ba, za a ga tana sauka santimita 10 cikin kimanin minti 20 a mai mai zafi. Ƙwayar yashi mai wannan girman tana ɗaukar ninki huɗu na haka, ƙananan ƙwayoyi kuma sun fi daɗewa.

A duba abin da dare yake yi ke nan. An kashe mota da yamma mai yana da zafi, tsinkakke. Cikin awannin farko, kafin ya huce, garin ƙarfe da yashi suna sauka ɗaya bayan ɗaya su kwanta a ƙasan kasko. Sai man ya huce ya yi kauri a kansu ya danne su. Da safe aka kwance noti, man sama mai ɗan dama-dama shi ne zai silalo a hankali ya fita, ba shi da ƙarfin da zai share abin da ya kwanta. Ramin noti kuma a yawancin motoci a gefe yake, da ɗan tudu tsakaninsa da ƙasan kasko. Sai a zuba sabon mai na dubban nairori a kan laka, a tayar da inji, famfo ya motsa ta, ta koma zagaye. Idan kuwa inji ya yi aiki kafin juye, man ya kaɗu, dattin ya tashi ya gauraya, kuma saurin da tsinkakken mai yake fitowa da shi yana jan wanda ya fara kwanciya bai riga ya kama ba.

Masu gwajin mai a ɗakunan bincike sun daɗe da sanin haka. Kamfanin Caterpillar, wanda yake da tsarin karɓar samfurin mai daga manyan injinansa don gano lafiyar inji, yana buƙatar a ɗebi samfurin man yana da ɗumi kuma ya gauraya sosai. Dalilin a fili yake: man da ya kwanta ba ya nuna gaskiyar dattin da ke cikin inji, domin dattin ya riga ya rabu da shi. Abin da ba ya fitowa a kwalbar gwaji idan mai ya yi sanyi, ba zai fito a kwanon mai juye ba.

Mai kare juyen sanyi zai ce ai aikin filta ke nan. Filta mai kyau tana kama manyan ƙwayoyi, ba musu. Amma tana da ƙofar gefe da ke buɗewa idan ta toshe ko idan mai ya yi kauri da yawa, man ya wuce ba tare da tacewa ba, don kada inji ya rasa mai gaba ɗaya. Ga jabun filta ya cika kasuwa, ga masu motar da ke cewa a bar ta sai juye na gaba. Ga kuma ƙura. Iskar hunturu tana kwaso garin ƙasa daga kwarin Bodele na Chadi ta shimfiɗa shi a kan ƙasar Hausa watanni a jere, kuma yashi ya fi galibin ƙarafan cikin inji tauri. Filtar iska a garejin unguwa sau da yawa bugawa ake yi a jikin taya a mayar, wani lokacin da huda a jikinta. Injin da ke rayuwa a cikin wannan hali ya fi injin Jamus ko na Japan buƙatar a fitar masa da abin da ya kwanta a ƙasa.

Abin da ya fi ba da mamaki a rubutun shi ne yadda aka yi maganar kamar mota ce kaɗai ke shan baƙin mai. Injinan da suka fi yawa a hannun talaka ba su da filtar mai ko ta jabu. Ƙaramin injin nan samfurin Honda GX160 da GX200, da kwaikwayonsa na Sin da suka cika kasuwa, shi ne a jikin janareta, shi ne ke jan ruwa a fadamun Kura da Haɗeja, shi ne ke juya injin markaɗe a lungu. Mansa duka lita 0.6 ne. Ba shi da famfon mai, ɗan cokalin ƙarfe ne a jikin sandar fistin yake dukan man yana fantsama shi. Duk abin da inji ya saki yana nan a cikin wannan ɗan man har ranar juye, kuma juyen shi ne kaɗai hanyar fitarsa. Littafin Honda na waɗannan injina ya ce a juye man inji yana da ɗumi, domin mai ɗumi yana fita da sauri kuma yana fita duka. Ya ce a yi juyen farko bayan awa 20 na aiki, saboda sabon inji ya fi sakin garin ƙarfe, daga nan duk awa 100. Manomin rani da ya karanta shawarar juyen sanyi ya bi ta a kan sabon injin ban ruwansa da safiyar Janairu, ya bar garin ƙarfen nan na awa 20 a ciki ke nan, a cikin man da bai kai lita ba.

Haka babur. Boxer da ire-irensa man da suke sha bai wuce kimanin lita guda ba, kuma wannan man shi ke shafa fistin, shi ke shafa haƙoran giya, a cikinsa kuloci yake iyo. Garin farantan kuloci da na giya duk a ciki suke taruwa, matatar kuma a yawancin ƙananan babura 'yar raga ce. Littattafan baburan Honda suna cewa idan inji da sanyi a tayar da shi minti uku zuwa biyar, a kashe, a jira minti biyu zuwa uku, sannan a kwance. Ba wani dogon aiki ba ne. Ƙasa da minti goma ne tsakanin juyen da ya wanke inji da wanda ya sauya masa launin mai kawai.

Sai batun ƙuna, wanda shi ne gaskiyar da ke cikin rubutun. Man injin da ya yi doguwar tafiya yana kai digiri 100, wani lokacin ya wuce. Ruwa mai digiri 60 ma yana ƙona fata sosai cikin kimanin daƙiƙa biyar, mai kuwa ya fi muni domin mannewa yake yi, ba ya gangarewa. Salansa da ke wucewa kusa da kasko tana kai ɗaruruwan digiri. Wanda ake turawa ƙarƙashin mota kuma galibi ɗan koyo ne, yaro ƙarami, kwance a kan kwali, ba safar hannu, mai mota a tsaye a kansa yana duba agogo yana cewa a yi sauri. Direban da ya taso daga Zariya ya tsaya a bakin gari ya ce a kwance masa nan take, ya zalunci wannan yaron, kuma ogan da ya yarda ya fi shi laifi. A kan wannan babu saɓani da marubucin ko kaɗan.

Saɓanin yana kan magani. Tsakanin digiri 100 da digiri 15 akwai fili mai faɗi, shi kuwa ya tsallake shi gaba ɗaya. Motar da ta kwana, a tayar da ita a ɗan zagaya da ita minti biyar zuwa goma, a kashe, a ba ta 'yan mintoci: man ya kaɗu, ya tsinke, bai kai ga tafasa hannu ba. Motar da ta zo daga doguwar tafiya, a buɗe mata bonet a bar ta kimanin rabin awa. Tsofaffin kanikawa da bayan hannu suke gwadawa: idan za a iya ɗora shi a jikin kasko ya ɗan jima ba a fizge ba, lokaci ya yi. A wannan ɗumin, wajen digiri 50, kaurin 20W-50 kimanin 100 ne, wato har yanzu ya fi na safiyar hunturu tsinkewa sau bakwai. Yaron kuma a koya masa ya danna noti ciki yayin da yake warwarewa da yatsu, sai zare ya ƙare ya zare hannunsa sama da gefe. A saya masa safar hannu ta roba mai kauri, wadda kuɗinta bai kai na litar mai ba. Safar ma tana da wani amfanin da juyen sanyi ba zai bayar ba: littattafan motoci da yawa suna gargaɗi cewa tsohon baƙin mai ya jawo kansar fata a gwajin da aka yi a kan ɓeraye, don haka a guji barinsa yana daɗewa a jiki. Yaron da ke wuni hannunsa dumu-dumu da tsohon mai yana cikin wannan haɗarin, man da zafi ko da sanyi.

Maganar zaren noti ba ta buƙatar dogon zance. Zare ba wajen kwancewa yake mutuwa ba, wajen ɗaurewa ne. Notin juye na ƙananan motoci ɗaurinsa tsakanin 30 da 45 ne a ma'aunin niyuton-mita, ƙarfin hannu ɗaya da matsakaiciyar sifana. Abin da ke cinye zaren kaskon alminiyom shi ne tsohon washa da aka ƙi canzawa, mai ya riƙa ɗiga, sai a zura bututu a kan sifana a taka da ƙafa don ya daina.

Akwai kuma wata illa da ya kamata duk mai ba jama'a shawara ya hango. Masu juye sun riga sun saba da wasu dabaru na gaggauta fitar mai, kuma dukkansu ɓarna ne. Wani yakan tayar da inji na 'yan daƙiƙu noti a kwance, wai don ya turo sauran. Wani ya riƙa buga kik ɗin babur. Wani ya zuba kananzir ko fetur ya wanke ciki, abin da ya rage ya tsinka sabon man. Duk inda mai ya ƙi fitowa da sauri, a nan hannu ke kaiwa ga waɗannan dabaru, kuma mai mai sanyi shi ne mai ƙin fitowa. Injin da ya juya ba mai, ko na daƙiƙa goma ne, ƙarfe ne yake cin ƙarfe a kan karanshaf. Ko ba a yi wannan ba, tashin farko bayan juye shi ne lokacin da inji ya fi zama cikin haɗari, domin sabuwar filta fanko take, sai famfo ya cika ta kafin mai ya isa sama. Injin da ya yi aiki rabin awa da ta wuce, sassansa suna jiƙe da mai a wannan lokacin. Wanda ya kwana ya tsiyaye tun jiya, da ƙarancin abin da zai kare shi zai shiga waɗannan daƙiƙun.

Ko ta fuskar yiwuwa ma shawarar ba ta zauna ba. Mutum nawa ne ke da rami ko jak a gida? Jama'a tuƙa abin hawansu suke yi zuwa wurin juye, suna isa da ɗuminsa. Bin shawarar marubucin yana nufin a bar mota ta kwana a gareji. Ɗan A Daidaita Sahu da ake jiran balas a hannunsa kowace yamma, da direban tasha da lodin asuba ke ciyar da gidansa, ba za su ba da dare da safiya ba don su sami juyen da bai kai wanda suke samu yanzu ba. Abin da ya kamata a roƙa a wurinsu shi ne minti ashirin ko talatin na haƙuri: a jira man ya sauka daga zafin ƙuna, a buɗe murfin sama, a tabbata abin hawan a daidai yake ko ya ɗan karkata wajen noti, a bar shi ya tsiyaye har zubar ta koma ɗigo, a canza filta da washa.

Mai sabuwar mota da ke shan 0W-20, mai canza mai a kan lokaci da filta ta asali, idan ya juye da sanyi wata rana injinsa ba zai mutu ba, bambancin a wurinsa kaɗan ne. Da marubucin ya taƙaita maganarsa a kan wannan mutumin, da ba a yi masa martani ba.

Wuri ɗaya ne juyen sanyi ya zama dole, shi kuma bai ambace shi ba: injin da bai kamata a tayar ba sam. Motar da ta shekara a ajiye ba a san halin manta ba, da wadda ruwan lagireto ya haɗu da manta, da wadda ambaliya ta shanye, duk ba a murza musu makulli don ɗumama mai. Bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, lokacin da ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, motoci da Keke Napep da janaretoci masu yawa sun kwana cikin ruwa. Injin da ya sha ruwa, tayar da shi yana iya lanƙwasa sandar fistin, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma famfo zai kaɗa ruwa da laka da mai ya aika su kowane lungu. A irin wannan hali kwanciyar da ake gudu ita ce ake so: ruwa ya fi mai nauyi, yana ƙasa, shi zai fara fitowa da an kwance noti. A bar shi ya tsiyaye komai daɗewarsa, a cire fulogi a fitar da ruwan da ke cikin silinda, a canza filtar mai da ta iska, a zuba mai mai araha. Idan injin ya tashi ya yi aiki na ɗan lokaci, sai a sake juyewa da ɗuminsa, a duba ko man ya yi fari-fari, a maimaita har ya fito da launinsa, sannan a zuba mai kyau.